Takabar da Na Ƙi Shiga a Landan

Na san kun taso kuna jin wannan labari daga bakin gwaggwanninku, kowace da irin nata. Wata ta ce na taɓa samun taɓin hankali a Landan, wata ta ce ba hauka ba ne, taurin kai ne irin na gidanmu. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son a ɗauko zancen ba, ni kuma na bi shi a kan haka har ya bar duniya. Yanzu idona ya fara rauni, hannuna ma yana rawa idan na daɗe riƙe da biro, saboda haka gara in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina iyawa.

Lokacin kuɗin man fetur ne. Gwamnatin jiharmu na ta tura samari ƙasashen waje karatu, mai iyali a ce ya tafi da iyalinsa. Haka aka tura Babanku ya koyo aikin ɗaukar hoton ƙashi, ni kuma na bi shi da Ummi a goye, ko tafiya ba ta fara ba. Muka samu ɗakuna biyu a saman wani tsohon bene a unguwar Whitechapel. A ƙasa wasu teloli ne 'yan Bangaladash, kekunansu na kuka tun safe har magariba, kuma wayar tarho ɗaya ce ga duk gidan, a maƙale jikin bango a gindin matakala. Kusa da mu akwai Alhaji Mamman, Bakatsine mai karanta labarai a gidan rediyo, da matarsa Hajiya Asabe wadda nake kira Yaya. Sun daɗe a garin. Duk Bahaushen da ya sauka a wannan yanki a gidansu yake cin tuwonsa na farko, kuma idan Alhaji ya yanke magana babu mai sake ta.

A shekararmu ta biyu, wata Asabar da la'asar, Babanku ya ce in shirya mu je kallon majigi a zauren makarantarsu. Wani Bature mai suna Pita ne zai nuna hotunan Sahara. Sana'arsa ke nan: ya tara mutane ya kai su kudancin Aljeriya, wani gari da ake ce wa Janet, daga nan su hau dutse da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya, su yi kwana da kwanaki suna ratsa kwazazzabai suna kallon zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu. Ni dai sanyi ne ya dame ni a zauren, ga Ummi na ta mutsu-mutsu. Duwatsun da ya nuna ba su burge ni ba ko kaɗan. Dogaye ne baƙaƙe, a tsaitsaye kamar an ƙone gari an bar ginshiƙansa, a tsakaninsu lunguna masu zurfi waɗanda rana ba ta kaiwa ƙasansu. Sai ya sa hoton wasu shanu da aka zana da jar ƙasa, masu dogon ƙaho, babu tozo. Na ji Babanku ya miƙe tsaye a gefena, har na baya suna ce masa ya zauna.

Kun san shi mutumin Birnin Kudu ne. A duwatsun garinsu akwai irin waɗannan shanu, tun yana ƙarami yake zuwa ya tsaya a ƙarƙashinsu, ya tambayi manya wa ya zana su, a ce masa aljanu ne, ko a ce ya rage tambaya. Da aka kunna fitila ya nufi Pita, suka daɗe a tsaye. A hanyar gida ya faɗa mini abin da suka tattauna. Jagoran tafiyar Buzu ne mai suna Agali, a Agadas ya girma, Hausarsa ta fi Faransancinsa, da ƙyar suke fahimtar juna da Pita. Ana neman tafinta a tafiyar hutun Ista, kuma ɗawainiyar hanya duk a kansu.

"Malam," na ce masa, "mutane na gudun hamada, kai kuma ka zo har Ingila don ka koma cikinta da ƙafa?"

"Rakiya, hutu ne, kafin ki ankara na dawo. So nake in ga ko hannu ɗaya ne ya zana namu da nasu. In ban gani yanzu ba, ba zan taɓa gani ba."

Alhaji Mamman da ya ji, ajiye kofin shayinsa ya yi.

"Sule, gwamnati ba hawan dutse ta turo ka ba. Wannan yawon Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Kai kana da mata da 'ya a ƙasar da ba ku da kowa."

Babanku ya sunkuyar da kai bai yi musu ba, amma na ga fuskarsa. Da muka koma gida ya ce idan na ce a'a ya fasa. Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya so wani abu don kansa ba sai wannan, kullum karatu ne da tunanin gida. Na ce ya je, Allah ya tsare. Ni na haɗa masa jaka da hannuna, na cusa masa sauran kilishin da aka kawo mana tsaraba.

Ranar da ya ce zai dawo na tuƙa tuwon semolina, na kaɗa miya da ragowar kukar da muka zo da ita. Tuwon ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Washegari na sauka na buga wa ofishin Pita. Wata yarinya ta ce kada in damu, jiragen can sun saba latti, wani lokaci ma a soke tashinsu ba sanarwa. Na yarda da ita. Da na sake bugawa sai na ji muryarta ta canza, tana ta neman ta ajiye wayar. Daga baya wani namiji ne ya ɗauka, ya tambaye ni ko ina da wani babba da zai rako ni ofis.

Da Alhaji muka je. Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani shagon takalma, bangonsa duk hotunan rairayi da raƙuma. Mutumin abokin sana'ar Pita ne. Yana riƙe da saƙon da aka bugo daga babban birnin Aljeriya da Faransanci, ya juya wa Alhaji da Turanci, Alhaji ya juya mini da Hausa, ko da yake kafin ya buɗe baki na riga na gane. Ambaliya ta rutsa da ayarin a cikin kwazazzabo. Turawan duk suna raye, wasu da rauni. Ruwa ya tafi da mutum ɗaya, baƙar fata, Musulmi, an tsinci gawarsa an binne shi a can.

"Baƙar fata ɗaya muka tura daga nan," in ji mutumin, idonsa a kan tebur. "Ku yi haƙuri."

Alhaji ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban ji komai a jikina ba, sai ƙarar motoci a titi da ta ƙaru a kunnena. Can na ji bakina yana tambaya, da guntun Turancina, ko an rubuta suna. Mutumin ya sake duba takardar, har ya juya bayanta. Babu suna. Layin waya zuwa Janet ya katse, abin da ya iso ta bakin 'yan sanda ya iso, da zarar an ji ƙari za su kira.

Kafin la'asar ɗakinmu ya cika. Matan ɗalibai daga unguwar Peckham, matar wani likita Bazazzagi, har matar telan ƙasa ta hawo da tukunyar shinkafa. Aka ture kujeru aka shimfiɗa zannuwa a ƙasa. Yaya Asabe ta ja ni ɗakin kwana, ta buɗe jakarta ta fito da zane marar ado da mayafi, ta kai hannu za ta cire mini 'yan kunne. Yatsunta na taɓa kunnena na kau da kai. Na riƙe wuyan hannunta.

"Yaya, ba zan shiga ba."

"Rakiya, ki ji tsoron Allah. Takaba ba zaɓi ba ce."

"Ta wa zan yi? Ba su faɗi sunansa ba."

"Wane suna kuma kike jira? Baƙin mutum nawa ne a cikin Turawan?"

"Masu korar jakunan fa, Yaya? Su ba mutane ba ne?"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa marar lafiya. Na bar ta a nan na fito, na tarar Alhaji ya sa kwat ɗinsa, zai tafi gidan waya kafin a rufe ya aika wa Inna, kakarku ta wajen uba, saƙon rasuwar. Tunda muka zo garin ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar na je na sa bayana a jikin ƙofa, gaban maza da mata.

"Alhaji, don Allah don Annabi kada ka aika."

"Matsa, 'yar nan. Uwa na da hakkin ta sani."

"Inna na da hawan jini, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Idan wayar nan ta kashe ta, gobe kuma aka ce yana raye, wa zai dawo mana da ita?"

"Idan kuma ya rasu fa? Mu bar shi kwance a kabari babu addu'ar uwarsa?"

Na dai ƙi matsawa. Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya zare kwat ɗin a hankali.

"Na ba ki zuwa Juma'a ta sama. Ana idar da sallah zan aika, ko kin yarda ko ba ki yarda ba."

Kada ku ɗauka ƙarfin zuciya ne, ko wani mafarki na yi aka nuna mini shi a raye. Tsoro ne zalla. Gani nake idan na ɗaura zanen nan shi ke nan, ni da kaina na tura masa ƙasa. Amma ƙin ɗaurawar ma bai ba ni sauƙi ba. Kafin Yaya Asabe ta tafi ranar ta tsaya a kan matakala ta ce mini, "Kina hana mamaci addu'a, ki sani." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Idan na idar da sallah na ɗaga hannu sai harshena ya ɗaure. In ce Allah ya dawo da shi, alhali wataƙila yana kwance cikin ƙasa yana jiran a nema masa gafara? In ce Allah ya jiƙansa, alhali wataƙila yana can yana numfashi? Sai in zauna a kan sallaya hannuna a sama, ban roƙi komai ba, har Ummi ta zo ta hau bayana.

Kullum da safe sai in goya ta in hau bas zuwa ofishin nan, in zauna a kujerar bakin ƙofa har su tashi. Yarinyar ta daina haɗa ido da ni, amma takan ajiye mini shayi da biskit ga Ummi. Akwai babbar taswira a bango. Na roƙe ta ta nuna mini inda suke, ta ɗora yatsa a wani wuri da babu layin hanya, babu sunan gari, sai launin ƙasa-ƙasa shimfiɗe ko'ina. Na yi da-na-sanin tambayar. A gida kuma duk takun da na ji a matakala sai in tsaya cak da ludayi a hannu har takun ya wuce ko ya tsaya a hawan ƙasa. Matan da suka cika ɗakin ranar farko suka janye, don ba su san gaisuwar da za su yi mini ba. Likitan nan Bazazzagi ya zo da ƙwayoyi ya ce za su sa in huta, na karɓa na zuba a masai. Daga bakin matarsa na ji ana shawarar a sa ni jirgi da Ummi a mai da mu gida, idan kuma na ƙi a kai ni asibiti a duba kaina. Daga ranar na fara sa sakata ko da tsakar rana. Na ji tsoron mutuwarsa, na ji tsoron mutanenmu, har na fara jin tsoron kaina, don wani lokaci nakan tambayi zuciyata ko gaskiyarsu ce, hankalin nawa ya taɓu ban sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi, ina wanke wa Ummi kaya, matar tela ta ƙwala mini kira daga ƙasa. Ban san yadda na sauka ba. Layin na ta ƙara kamar ana soya abu, wata mace ta yi magana da Faransanci, aka yi shiru, sai na ji an ce:

"Rakiya."

Na ƙanƙame wayar da hannu biyu.

"Rakiya, ni ne. Kina ji na? Ina asibiti a babban birni, jiya aka kawo mu. Ƙafata ce ta karye. Ina Ummi?"

Na zauna a kan matakala da wayar a kunne, kumfar sabulu na bin hannuna. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Sun ce ka mutu." Sannan ya ce, "Ba ni ba ne. Alhasan ne." Ban san ko wane ne Alhasan ba, kuma a lokacin, Allah ya gafarta mini, ban tambaya ba. Matar tela ta rungume ni tana kuka da yarensu, mijinta ya bar kekensa ya ruga ya kira Alhaji.

A keken guragu aka turo shi a filin jirgi. Ya rame har kunnuwansa sun fito, leɓensa duk ya tsage, ƙafar dama cikin farin simintin ɗorin asibiti tun daga cinya. Ummi ta ƙi zuwa wurinsa. Ya yi makonni ba ya cewa komai game da tafiyar, duk wanda ya zo barka ya tambaya sai ya ce Allah ya kiyaye kawai. Wata rana bayan azahar ina yanke masa farce, ba tare da na tambaya ba, ya fara.

"Kwanakin farko, Rakiya, ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Da asuba mu tashi, Agali a gaba, ƙanensa Alhasan a baya da jakuna, ni a tsakiya ina juya magana. Mu wuni muna bin lunguna tsakanin duwatsu, wani wuri faɗinsa bai wuce a miƙa hannu biyu ba, ka ɗaga kai sai ka ga sama kamar zare. Da rana mu fake a ƙarƙashin dutse, Alhasan ya dafa shayi ya gasa gurasa a cikin rairayi. Mutum ne mai barkwanci, ya ce Hausata ta Kano ta cika sauri, shi ya sa jakunansa ba sa jin umarnina. Na ga shanun. Irin namu ne sak, har yadda aka lanƙwasa ƙahon. Na ga mata na rawa, na ga maharba da baka, na ga raƙumin dawa, a wurin da yau ko ciyawa babu. Na tsaya a gabansu hawaye na zubo mini, wata tsohuwar malamar makaranta da ke cikinmu ta ba ni hankicinta."

Ya ce ranar da abin ya faru sararin sama garau yake, babu ko gajimare. Ashe an yi ruwa can nesa a kan tudu, babu wanda ya sani. Suna tsakiyar wani kwazazzabo mai tsawo sai iska mai sanyi ta taso daga gabansu, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bayanta kuma wani gurnani da yake ji a tafin ƙafarsa kafin kunnensa.

"Agali ya juyo ya ce, 'Ruwa! Ku hau! Ku hau!' Da Hausa ya faɗa. Turawan suka tsaya suna kallona, suna jiran in fassara. Wallahi Rakiya, Turancin ya gudu daga kaina. Ban san tsawon lokacin da na yi baki buɗe ba. Da na samu kalmar na yi ta ihu, kowa ya watsar da jaka ya kama dutse. Na tura tsohuwar nan sama, na bi ta. Na waiga na ga Alhasan ya riga ya hau, ya tsira, sai ya sake dirowa don ya kwance jakunan, an ɗaure su da igiya ɗaya. Ruwan ba ruwa ba ne, laka ce ja da duwatsu da itatuwa, tsayinta ya fi ɗakin nan. Ina kallonsa. Yana sunkuye a kan igiyar."

Wani dutse da ruwan ya wurgo shi ya daki ƙafar Babanku, da ba don Pita ya kama wuyan rigarsa ba da shi ma ya tafi. Suka ja shi zuwa wani kogo a sama. Abinci ya bi jakuna, hanyar da suka hawo ta toshe. Da ruwan ya janye Agali ya sauka shi kaɗai ya nemo ɗan'uwansa, ya binne shi, sannan ya kama wata doguwar hanya da ƙafa zuwa Janet neman taimako. Su kuwa suka zauna a kogon suna shan ruwan da ya taru a ramukan dutse, suna raba ɗan abin da ya rage a aljihuna, har da kilishina. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi.

"A rufin kogon akwai zane," in ji shi. "Ba shanu ba. Wasu dogayen mutane ne masu kai kamar tulu, babu ido, babu baki, hannuwansu a ɗage. A kwance nake ba na iya juyawa, su kaɗai nake gani. Da zazzaɓin ya yi tsanani sai in ga suna sunkuyowa. Na yi ta karanta duk abin da na haddace, ina cewa a raina, a nan zan mutu, Rakiya ba za ta ma san inda kabarina yake ba."

Sojoji da mutanen gari ne suka zo da Agali, suka sauko da shi a kan bargo da aka ɗaura a sanduna. Ya ce duk tsawon hanyar Agali na riƙe da gefe ɗaya. Sai da suka iso ƙofar asibitin Janet ya sunkuyo ya ce masa, "Malam, ka gaida gida," ya ja rawaninsa ya rufe fuska ya tafi.

Na ajiye rezar na tambaye shi ko Alhasan na da iyali.

"Mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana," ya ce. "Zanen da kika ƙi ɗaurawa, ita ta ɗaura."

Ranar ce na fara yin kuka na gaske tun farkon abin, kuma daga ranar har yau ban idar da sallah ba tare da na sa matar nan a addu'a ba, ko sunanta ban sani ba.

Abin ya ci mana da yawa. Babanku ya rasa shekarar karatu, ƙafar kuma ta warke a gajarce, ɗingishin da kuka san shi da shi ke nan, ba haɗarin mota ba ne kamar yadda aka faɗa muku. Kyamarar da ya aro ta bi ruwa, ko hoto ɗaya bai dawo da shi ba. Alhaji Mamman ya zo har ɗakinmu ya ce, "'Yar nan, kin fi mu gaskiya," amma tsakanina da gidansu bai koma kamar dā ba, ni ina jin nauyin tsayuwar da na yi masa a ƙofa, su ma suna jin nauyin nasu. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, abin da ta sani kawai shi ne ɗanta ya faɗi a kan dutse ya karye.

Bayan an cire simintin aka ba shi ranar komawa asibiti a can tsakiyar gari. Na ce mu bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fi sauri. Muka sauka ƙarƙashin ƙasa a hankali, shi da sanda, ni da Ummi a baya. Muna tsaye a bakin layin dogo cikin mutane, sai iska ta fara hurowa daga bakin ramin, ta ɗaga mini mayafi, ƙasa ta fara rawa, ƙugin jirgin ya taso daga cikin duhu. Na ji an damƙe hannuna har ƙashi. Na juya na ga idanunsa sun fito, gumi na zuba daga goshinsa. Ya saki sandar, ya buɗe murya iya ƙarfinsa:

"Ku hau! Ku hau!"

Turawa suka dare suna kallonmu. Jirgin ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, mutane suka shige, ya tafi. Muka rage mu kaɗai, shi jingine da bango yana haki, Ummi na tsala kuka a bayana. Na ɗauko sandar na sa masa a hannu, na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa.

"Mu hau, Malam," na ce. "Ga matakala nan."

Muka hau taki ɗaya-ɗaya har muka fito hasken rana. Ana yayyafi. Ya tsaya a bakin titi yana maida numfashi, sannan ya ce a hankali, "Kada ki faɗa wa kowa." Na ce to. Muka tsaya muka jira bas. Har muka bar Landan bai sake sauka ƙarƙashin ƙasa ba, ni ma ban sake ce masa mu bi ta can ba.